Kwalba ta Ashirin da Uku

Duz, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Ulfa, likitar dabbobi a Tunis.

Assalamu alaikum. Yaya mahaifiyarki, yaya maigidanki da yara? Mu nan lafiya lau. Matata Lalla Mbarka gwiwa ce kawai ke yi mata tsiya, ni kuwa hawan jinina yana nan inda likita ya ɗaure shi, ƙwaya ɗaya kowace safiya. An fara yankan dabino, na ba direban da zai kawo miki takardar nan kwali guda, kar ya ce bai gani ba.

Ni ne Bilgasim, idan kin manta. Kakanki da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa kike ce mini Ammi, wato baffa. Rabona da ke tun rasuwar mahaifinki, shekara shida ke nan. Kar ki ce in kira ki a waya. Kunnena ya yi nauyi, kuma mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wa mutane wasiƙu ba zai ƙare da yi wa tafin hannunsa ihu ba.

Maganar Nasma ce. Ita ce sulugin nan, karen farautata, da ta gudu da takalminki ranar zaman makoki. Tun ƙarshen zafi take ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, sai kumburi ya fito mai tauri kamar dutse. Na ƙunsa mata lalle, na shafa man zaitun, har lalas na yi mata da jan ƙarfe yadda iyayenmu suke yi. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Likitan dabbobinmu ya ɗauki hoton ƙashin, ya ce ciwon daji ne, wai gara a yi mata allurar da za ta huta gaba ɗaya. Na ce masa shi ya je ya huta.

Shi ne ya ce akwai wata a Tunis da ke gwada tsofaffin magunguna a kan irin wannan ciwo, ya faɗi sunanki. Na ce ai tamu ce. Kin san ba a sayar da sulugi, kyauta ake bayarwa, kuma asalin Nasma wata 'yar kwikwiyo ce da kakanki ya kawo wa mahaifina cikin alkyabbarsa ranar da aka raɗa mini suna. Tun daga ranar zuriyar ba ta yanke a gidan nan ba. Saboda haka ba roƙonki nake yi ba. 'Yar gidanku ce ba ta da lafiya, nake sanar da ke.

Amminki, Bilgasim


Tunis, 15 ga Oktoba

Ammi Bilgasim,

Wa'alaikumus salam. Dabino ya iso, yara sun cinye rabi kafin in dawo daga aiki. Mama tana gaishe ku. Ban manta da kai ba, kuma ban manta da takalmina ba.

Likitanku ya turo mini hoton, gaskiya ya faɗa maka. Ciwon ya cinye ƙashin, kuma zafin da take ji ya fi wanda take nunawa. Sai an cire ƙafar. Na san abin da ka ce yanzu da ka karanta, Allah ya yafe maka. Amma cire ƙafa ba ya gamawa da ciwon, domin yakan riga ya aika 'ya'yansa cikin huhu, bayan 'yan watanni su bayyana. Nan ne aikinmu yake. Muna so mu gani ko wata tsohuwar ƙwaya, wadda aka yi don wani ciwo dabam, za ta jinkirta haka. Ba wani abin tsoro ba ce, ƙwayar hawan jini ce irin wadda rabin tsofaffin Duz ke sha da shayin safe.

Ga sharaɗin da zai fi cire ƙafar ɓata maka rai. Karnuka arba'in ne a gwajin. Dukkansu za a yi musu allurai huɗun da aka saba yi wa mai wannan ciwo, likitanku zai iya yi a can. Ban da haka kowane kare yana da kwalbarsa mai lamba. Rabin kwalaben maganin ne a ciki, rabi kuma gari ne kawai a ƙwanso iri ɗaya. Ƙuri'a ce ke rabawa, amsar tana kulle cikin ambulan, ni kaina ban san wacce ce wacce ba sai an gama. In ba haka ba, ba yadda za mu gane ko maganin ne ya yi aiki ko fatanmu ne.

Idan ka yarda, ka kawo ta ranar Litinin. Idan ba ka yarda ba, ka bar likitanku ya yi abin da ya ce, kar ka bar ta cikin azaba. Kuma don Allah ka ajiye ƙarfen nan.

'Yarka, Ulfa


Duz, 18 ga Oktoba

Ulfa, gaisuwa. Muna lafiya.

Na karanta takardarki sau uku, kowane karo ta fi na baya muni. Sulugi mai ƙafa uku? Ke 'yar marigayi Hadi ce kuwa? Sannan wai ƙuri'a. Na ce miki 'yar gida ce, kin ce in kawo ta a jefa sunanta cikin kwano ɗaya da karnukan birni masu sa riga. A garinmu ba mu taɓa yi wa dangi ƙuri'a ba.

Na rantse wa Mbarka ba inda za ni. Ta ce to, ta ci gaba da murza kuskus. Sai da ta gama ta ce in je in dubi kwanon Nasma. Kwana uku ke nan ba ta taɓa shi ba, har hantar rago na sa mata.

Za mu zo Litinin a motar dabinon wani maƙwabci. Ba don kin rinjaye ni ba. Kuma ki sani, zan tsaya a kanki har sai kin ba ta kwalbar gaskiya.

Bilgasim


Duz, 3 ga Disamba

'Yata Ulfa,

Sallama da gaisuwa. Ki gode wa maigidanki saukar da ya yi mana, ki ce masa shayinsa dai ruwa ne, amma shi mutumin kirki ne. Mbarka na gaishe ki. An gama dabino, sanyi ya shigo.

Zan faɗi abin da ban so faɗa ba: hannunki yana da kyau. Ɗinkin ya warke, ta sha allura biyu, tana ci kamar ba ita ba. Shekaranjiya na kai ta bayan gari, zomo ya tashi, kafin in ce kul ta bi shi. Ba ta kama ba, ta faɗi sau biyu wajen shan kwana, amma ta tashi ta ci gaba. Na tsaya a kan tudu ina share ido, na ce wa kaina yashi ne ya shiga.

A gidan shayi kuwa na zama abin hira. Mizuni, wanda tun muna samari karnukansa ke bin bayan nawa, ya ce wai na kai kare Tunis an rage masa ƙafa, da na ƙara kwana biyu da wutsiya kawai zan dawo da ita. Aka yi dariya. Na ce ya kawo nasa mai ƙafa huɗun ranar Alhamis mu gani. Bai kawo ba.

Yanzu maganar kwalbarmu, mai lamba ashirin da uku. Na buɗe ƙwanso ɗaya na lasa. Ulfa, gari ne. Tawa ƙwayar na san ta, shekara tara ina sha, ɗacinta har maƙogwaro. Wannan kuwa ko jariri zai sha. An ba 'yar gidanku gari, an ba karen wata mai jan farce magani. Na ga ɗakin da ambulan ɗin suke, na ga makullin a wuyan abokiyar aikinki da kuke ci kwano ɗaya. Ki buɗe, ki duba, ki musanya. Ba mai ji daga bakina.

Amminki


Tunis, 11 ga Disamba

Ammi,

Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Labarin zomon ya sa ni kuka a ofis, ga shi ba yashi a nan da zan ɗora wa laifi.

Ba zan buɗe ba. Harshenka ba zai gane komai ba, an haɗa duka biyun yadda ɗanɗanonsu zai zama ɗaya, don irinku masu lasa aka yi haka.

Ka daina cewa karnukan masu jan farce. Lamba bakwai karen wani makiyayi ne daga Kasrin, kwana biyu ya yi a hanya kafin ya iso. Lamba goma sha ɗaya na wani mai gadi ne da ba shi da kowa sai shi. Kowannensu ya kalle ni yadda ka kalle ni. Kuma ciwon da ya ci ƙafar Nasma kusan shi ne yake cin ƙafar yara masu tasowa. Na taɓa shiga ɗakinsu a asibiti, ban sake iya shiga ba. Idan abin da muka gano a karnuka ya tabbata, wata rana likitocinsu za su duba. Idan na musanya kwalba ɗaya don dangi, duk arba'in ɗin sun zama tatsuniya.

Wallahi ko Babana ne ya tashi ya roƙe ni ba zan buɗe ba. Ka ci gaba da ba ta abin da ke cikin kwalbarta, kar ka ƙara mata komai, ko ganye ne. Ka yi fushi in ka ga dama, amma ka rubuto.

Ulfa


Tunis, 13 ga Fabrairu

Ammi Bilgasim,

Gaisuwa. Wata biyu ke nan ba takarda, sai kwalin dabino ba ko layi ɗaya a ciki. Na juye shi har ƙasa ina nema. Idan maganar Babana ce ta yi maka zafi, ban faɗa don in ci mutuncinka ba, amma ban janye ba.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Likitanku ya turo gwajin jinin Nasma, ƙodarta ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce ta rame, tana shan ruwa kamar raƙumi, tana tangaɗi idan ta miƙe. Ba kare ɗaya cikin arba'in da ya yi haka. Me kake ba ta? Ka dakatar da komai, har kwalbar, ka amsa mini da motar farko.

Ulfa


Duz, 17 ga Fabrairu

Ulfa 'yata, Mbarka ce. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi. Ina gaida mahaifiyarki.

Amminki yana asibiti. Ranar Alhamis ya faɗi a kasuwa, a wajen masu awaki, Mizuni ne ya ɗauko shi. Shanyewar ɓarin jiki ce. An ce da sauƙi, yana gane mutane, bakin ya fara dawowa, amma hannun dama ba ya ɗaguwa. Takardarki ta zo yana kwance, ni na karanta masa.

Likita ya tambaye ni ko yana shan ƙwayarsa. Na ce kullum, a gabana ma. Ya ce jinin nan ba na mai shan magani ba ne. Da na koma gida na zazzage aljihun alkyabbarsa, sai ga farin wake ƙulle cikin ƙyalle. Wake yake haɗiya a gabana da shayi, Ulfa, sati tara, har yana yamutsa fuska wai ɗaci. Ƙwayar kuma ya cusa ta cikin dabino ya ba Nasma a gona. Bai je ya nemi ƙari ba don mai kantin maganin ɗan ƙanwata ne, ya san labarin zai riga shi zuwa gida. Shekara arba'in da ɗaya muna tare bai taɓa munafuntata a kan mace ba, sai a kan kare.

Na sami takardarki ta farko ƙarƙashin matashinsa. Ya ja layi da jan biro a inda kika ce ƙwayar irin ta tsofaffin Duz ce. Da na nuna masa, sai ya ce da karkataccen bakinsa: "Yarinyar ta gaya mini a fakaice. Ba ta iya faɗa a fili saboda manyanta." Wai takardar da kika ƙi buɗe ambulan ma don idon manyan kika rubuta, shi ya sa ya daina rubutu kar ya tona miki asiri.

Haka kika nufa? Ki faɗa mini gaskiya in san wanda zan fara yi wa faɗa. Nasma tana kwance a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa.

Mbarka


Tunis, 22 ga Fabrairu

Ammi,

Lalla Mbarka za ta karanta maka, ka saurara har ƙarshe. Allah ya tashi kafaɗarka. Mama ta yi kuka, ranar Juma'a muna hanya ni da ita.

Ban gaya maka komai a fakaice ba. Ban iya fakaice ba, duk wanda ya san ni ya san haka. Na rubuta layin nan ne don hankalinka ya kwanta cewa ba guba za mu ba ta ba. Tun da na karanta takardar Lalla nake ganinsa a gabana. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Sauran naka ne. Ƙa'idarmu ita ce idan kare ya shiga haɗari a buɗe ambulan ɗinsa, jiya muka buɗe na ashirin da uku a gaban shugabarmu. Maganin gaskiya ne, Ammi. Tun ranar farko shi take sha, ƙuri'ar da ka zaga ita ta ba ta. Taka ƙwayar kuma haɗe take da maganin da ke matse ruwa daga jiki, shi ya kusa ƙona mata ƙoda. An tsayar a kan lokaci, za ta farfaɗo.

An cire ta daga gwajin. Ni na rubuta rahoton da hannuna, na faɗi cewa mai karen ammina ne, na faɗi layin da na rubuta masa. Wata ta ba ni shawara in bar zancen layin, ba mai tambaya. Na ce a bar shi yadda yake. Yanzu an dakatar da ni daga karɓar sababbin karnuka har sai kwamiti ya zauna.

Hoton huhunta na wannan wata fes yake, wata huɗu ba tabo. Da wannan ne zan tsaya gaban mutane in nuna. Yanzu ba mai iya cewa ko kwalbar ce, ko ƙwayarka, ko ikon Allah kawai. Ko shekara biyar ta ƙara, a takardarmu ba ta nan. Ka ba da hannunka a kan abin da take da shi tuntuni, ina jin haushinka har ban san yadda zan gaishe ka ba. Amma ina zuwa, kuma zan ci gaba da duba ta duk wata, ba don gwaji ba. Kai ka ce 'yar gida ce.

Ulfa


Duz, 26 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa. Hagu ce ke rubutu, idan layi ya gangara ki bi shi. Kwana huɗu nake wannan takarda, saboda haka kar ki amsa mini da layi uku. Ina tafiya da sanda. Damar tana nan a rataye kamar ta aro. Likita ya ce in yi haƙuri, na ce ba shi ke ɗaura wando da hannu ɗaya ba.

Kin zo kin tafi ba ki ce mini komai ba sai sannu, Nasma ta fi ni samun hira. Gara da kin zage ni.

Ga yadda safiyarmu take yanzu. Mbarka ta zaunar da mu a tabarma ɗaya, ta ba Nasma ƙwayar da kika rubuta mata, ta ba ni tawa, sannan ta buɗe bakin kowa ta duba ƙarƙashin harshe. Da ni take farawa. Duk waken gidan ta kwashe ta kai wa maƙwabta.

Mizuni ya zo dubiya sau uku. A na ukun ya ga Nasma ta tsallake magudanar ruwan gona, sai ya ce in ba shi adireshinki, wai wani ne a Sabriya karensa ke ɗingishi. Sati uku ke nan ba a ga nasa karen a kasuwa ba. Na ba shi. Na ce ya gaya wa mutumin Sabriyan abu biyu: za a cire ƙafa, kuma kar ya lasa.

Idan kwamitinku ya zauna ki kai musu wannan takarda. Ni Bilgasim na shaida ba ki taɓa nuna mini hanya ba, sau biyu kika hana ni, ni na ƙirƙiro abina.

Mbarka ta ce kin tambaye ta a kicin ko na yi nadama. Lambar gwajinki da na ɓata, na yi, ita ce ma ke hana ni cin abinci. Na zarge ki da ba ta gari alhali kin fi ni riƙon amana. Ki yafe mini wannan.

Ƙwayar kuwa, kar ki jira nadamata. Ke kin ga abin da ke cikin ambulan, ni a lokacin ban gani ba. Abin da na sani shi ne ƙwaya ɗaya ce a tafin hannuna, mu biyu ne, ita kuma tana kallona. Hannun nan shi ya riƙe ƙarfen da ya ƙona ta a banza, da na gama ta lashe shi. Idan aka mayar da ni safiyar nan ban sani ba, ita zan ba.

Jiya ta kama zomo. Ƙarami ne, ina jin ma gurgu ne shi ma, amma ta kama. Ba sai kin sa a takardarku ba. Na rubuta a nan.

Amminki, Bilgasim